Tunau da Keken Saƙar Kuluwa

A Unguwar Tukurwa, can hayin rafi, akwai wani gida mai mutum uku da akuya ɗaya. Babbar gidan ita ce Kuluwa, dattijuwa mai kaifin harshe, wadda mijinta ya rasu bai bar mata komai ba sai buta da tabarma. Sai ƙanenta Tunau, ƙato mai shekara arba'in da ɗoriya, da matarsa Yalwa. Akuyar ita ce ta huɗu a gidan, amma mutanen unguwa sun ce in masu hankali ake jerawa, ita ce ta uku.

Tunau ba mugu ba ne, ba rago ba ne, ba kuma kurma ba ne. Da ma kurman ne da an huta. Ciwonsa ɗaya: yana jin magana. Abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, in kuwa ba a ce ya tsaya ba, ba ya tsayawa. An taɓa cewa ya raka baƙo, aka manta ba a faɗa masa inda zai juyo ba, sai bayan kwana tara ya dawo da tsarabar garin baƙon. Yalwa ta daɗe da daina faɗa, dariya take yi, tana cewa ita dai Allah ya ba ta mijin da bai taɓa yi mata musu ba.

Arzikin gidan kuwa keken saƙa ne, mallakar ƙungiyar matan unguwa. Irin mai zagayen bakin nan ne da ake ɗaurewa a gefen teburi. Allurai ne jere a zagaye, kowace da 'yar ƙugiyarta. In aka murza hannun keken sai su yi ta sama da ƙasa suna cafke zare, safa tana sauka ta ƙasa. Kuluwa ba ta shiga aji ba, da ido ta koya cikin mako biyu, shi ya sa aka bar keken a ɗakinta. Tun da ya shigo ta daina bin gidaje tana yi wa mutane surfe, ta jingine taɓaryarta a bayan rumbu, ta ce ita da ita sai a lahira.

Sai damina ta sauka, Kuluwa ta zame a bakin rijiya, hannun dama ya karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce kwana arba'in ko cokali kada ta ɗaga. Hajiya Dela, shugabar ƙungiya, ta zo dubiya, bakinta na kan mai jinya, idonta na kan keke, don ta daɗe tana so ya koma ɗakin surukarta.

"Sannu Kuluwa, Allah ya sa kaffara ne. To amma keke ba ya jinya. Na ba ki Juma'a huɗu. In na zo ban ga safa sittin a ƙafa ba, a ƙafa fa, ba a kwando ba, keke ya tashi."

"Hajiya, wa ke sa safa da damina?"

"Wannan kuma ke ta shafa."

Kuluwa ta dubi Yalwa. Yalwa ko kallon allurai na zagayawa ta yi sai jiri ya kwashe ta. Ta dubi akuya. Ta dubi Tunau. Ta yi ajiyar zuciya ta ce da babu gara ba daɗi.

Wata rana, ranar farko ke nan, ta zaunar da Tunau gaban keke ta ce, "Ka ga wannan hannun? Yadda Yalwa ke yi da injin taliya, haka za ka yi da shi."

"Babu bambanci, Yaya?"

"Ko kaɗan."

Ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, da niyyar in ta dawo ta ɗora masa zare. Tunau ya san yadda Yalwa ke yi da injin taliya, ya gani ba sau ɗaya ba. Ya ɗebo fulawa mudu guda, ya sa gishiri, ya kwaɓa, ya ɗaura igiyar shanya a tsakar gida, sa'annan ya cusa kwaɓin a bakin keke ya kama murzawa da ƙarfinsa na noma. Kuluwa ta dawo ta iske kowace allura ta yi rawanin ƙullu.

"Yaya, injin nan naki ba a gaya miki gaskiya ba," in ji Tunau. "Taliyarsa ba ta tsawo."

Kwana uku Kuluwa ta yi tana sakace allurai da tsinken tsintsiya, da hannun hagu, allura bayan allura. Abin da ta faɗa a kwanakin nan uku ba na littafi ba ne.

Wata rana kuma, bayan keke ya wanku, ta ɗora zare da kanta ta tsaya a kansa. Sai ga abin mamaki: hannun Tunau ya fi nata. Ba ya sauri, ba ya sanyi, ba ya gajiya, saƙa na fita sumul. Ta koya masa dunduniya, wadda ita ce wahalar safa: a ɗage rabin allurai sama, a yi ta kai hannun keke gaba da baya har wata 'yar aljihu ta fito inda dunduniyar mutum za ta zauna. Sau ɗaya ya gani ya iya. Daɗi ya kama Kuluwa har ta yi sakaci.

"In saƙa ta yi tsawon kamu ɗaya, ka sa dunduniya," ta ce, ta tafi kicin ta duba miya.

Saƙa ta yi kamu ɗaya, Tunau ya sa dunduniya. Ya ci gaba. Saƙa ta sake yin kamu ɗaya, ya sa dunduniya. Kafin miya ta nuna, safa guda ta sauko da dunduniya tara, tana lanƙwashe nan, tana kumbura can, kamar macijin da ya shiga akurki ya haɗiye ƙwai.

"Tunau, a ina ka taɓa ganin mutum mai dunduniya tara?"

"Ban gani ba, Yaya. Na ɗauka ke kin gani."

Ta jefa abin a kwando. Daga ranar ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara ba shi magana ba sai da ƙarshenta a haɗe.

Wata rana Allah ya yi aka gama safa biyu na kirki, baƙaƙe, masu dunduniya ɗai-ɗai kamar na mutane. Na Sajan Maikano ne, tsohon soja, mutum ɗaya tak a unguwar da ke sa safa rani da damina. Tun ana saƙa Tunau ya tambayi amfanin ƙarfen nan mai nauyi da ake ratayawa a ƙarƙashin saƙar. Kuluwa ta ce, "Shi ke jan ta ƙasa. Safa in babu nauyi a ƙarƙashinta, lalacewa take." Tunau ya adana maganar. Da aka aike shi kai safa, sai ya biya ya ɗauki 'ya'yan dutsen niƙa guda biyu da igiya.

Ya iske Sajan a ƙofar gida yana goge takalmi. Ya durƙusa ya sa masa safa, ya kama bakin yatsun kowace ya ɗaure mata dutse.

"Kai Tunau, wannan fa?"

"Yaya ce ta ce."

"Oda ce?"

"Oda ce."

"To, oda ba a yi mata gardama," in ji Sajan, don shi ma shekara ashirin da biyu ya yi yana aikata abin da bai gane ba.

Ya miƙe ya nufi majalisa, hagu, dama, duwatsu na bin sa suna kwaram-kwaram. Kowane taku safa na ƙara tsawo. Kafin ya kai gindin ɗorawa, bakin kowace ya wuce yatsunsa da kamu biyu. A daidai kwatar gidan mai unguwa dutsen hagu ya harɗe igiyar dama, Sajan ya tafi gaba ɗayansa. Da azahar ya zo da kansa, jikinsa na ɗigar baƙin ruwa, ya ajiye safa da duwatsu gaban Kuluwa, ya sara mata.

"Uwargida, na dawo da kayan aiki. Na yi ritaya karo na biyu."

Juma'a ɗaya ta wuce, ko ƙafa ɗaya ba ta da safa.

Wata rana aka sake gama wasu biyu, jajaye, aka wanke aka shanya. Kuluwa ta ce, "Ka tsare su. Safa biyu tagwaye ne, abin da ke jikin wannan dole ya kasance a jikin wannan, in ba haka ba ba mai karɓa." Tunau ya zauna gadi. Ƙiftawar ido ɗaya ya yi, akuya ta miƙa wuya ta gatsa ɗaya, ta yi mata huda a yatsa. Tunau ya duba mai huda, ya duba marar huda, hankalinsa ya tashi. Ya ciro lafiyayyar ya miƙa wa akuya.

"Ke kika fara, ke za ki daidaita."

Akuya ta gatsa. Ya gwada su, hudar ta biyu ta fi ta farko girma. Ya miƙa ta farko. Ta gatsa, ta zarce. Ya miƙa ta biyu. Yalwa na bakin murhu tana kallo, dariya ta hana ta magana, hawaye kawai take sharewa da gefen zane. Da Kuluwa ta fito, Tunau ya tarbe ta da fara'a, ya buɗe tafin hannunsa. Zare ne ja guda biyu, kowane tsawon ɗan yatsa.

"Sun yi daidai yanzu, Yaya. Da ƙyar."

Kuluwa ta dubi akuya, akuya ta dube ta tana tuƙa. Ta ce, "Ke ba ki da laifi. Ke aka kawo wa."

Wata rana, Juma'a biyu sun wuce, lokacin komawa wurin mai ɗori ya yi, shi kuwa a ƙetaren rafi yake. Tafiyar awa ɗaya ce zuwa da dawowa. Kuluwa ta ɗora zare, ta tsaya ta auna maganarta kamar mai awon gishiri, ta tabbatar tana da ƙarshe.

"Ka yi ta murzawa, miƙe, ban da dunduniya, har na dawo. Na dawo, ka tsaya. Ka ji ƙarshen?"

"Na ji, Yaya. Har kin dawo."

Ta tafi tana yaba wa kanta. Tana ƙetarewa aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya batse, ba mai shiga ba mai fita. Kwana biyu Kuluwa ta yi a gidan 'yarta da ke aure kusa da mai ɗori, tana kallon ruwa tana cizon yatsa.

Tunau kuwa yana murzawa. Salla kaɗai ke tayar da shi, don wannan umarnin ya riga na Kuluwa zuwa. Tuwo da hagu yake ci. In barci ya sace shi, hannun dama bai san an yi ba. Zare ya ƙare, ya fashe da kuka wiwi, shi Yaya ba ta dawo ba ga shi zai saɓa. Tausayi ya kama Yalwa, ta buɗe buhun zaren ƙungiya ta ƙulla masa wani. Baƙi ya ƙare ta ƙulla ja, ja ya ƙare ta ƙulla kore, har da ruwan ɗorawar da aka ajiye don kayan jarirai. Saƙa ta taɓa ƙasa, Yalwa ta ja wutsiyar ta fitar ƙofar ɗaki. Ta cika tsakar gida, aka zagaya da ita rumbu, aka fitar ta zaure. Mata suka zo kallo, kowace ta ɗan ja. Masu wucewa suka ga ana ja, suka kama, ba wanda ya tambayi dalili, don mutanen Tukurwa in dai aikin gayya ne ba sa ƙi.

Da ruwa ya janye Kuluwa ta ƙetaro. Tun daga gindin tsamiyar bakin gari ta ga wani dogon abu kwance cikin laka. Ta yi baya tana neman sanda. Sai ta ga baƙi ne, can gaba ya koma ja, can gaba kore. Ta san zaren nan kamar yunwar cikinta. Ta bi shi kamar mai bin sawun ɓarawo, ta wuce masallaci, ta wuce majalisa, ta shiga zaure, ta zagaya rumbu, har ɗakinta. Tunau na zaune, idanu sun faɗa, buhu ya zama wayam, guntun zare na ƙarshe na shiga allurai.

"Sannu da zuwa, Yaya. In tsaya?"

Ta so ta warware, zare ya ƙi. Ruwa ya jiƙa shi, laka ta shige shi, ya cure. Zaren ƙungiya kaf ya zama safa guda ɗaya, marar dunduniya, marar yatsu, wadda ba ta da mai sawa sai in rafin ne zai sa.

Kuluwa ta daka tsawa, "Daga yau kada kowa ya ƙara taɓa keken nan!"

Wata rana, washegari ke nan, Hajiya Dela ta ji labari ta taho. Kuluwa ta shiga wanka. Hajiya ta wuce kai tsaye, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna gaban keke, ta miƙa hannu za ta duba allurai.

"Hajiya, Yaya ta ce kada kowa ya taɓa."

"Kai, tafi can. Ni ce shugaba."

"Ba ta cire shugaba ba."

Hajiya ta ƙara miƙa hannu. Tunau mutum ne mai ladabi, ba zai taɓa matar mutane ba. Sai ya sunkuya ya kama kujerar ta gefe da gefe, ya ɗaga ta da Hajiya a kai, ya ratsa tsakar gida tana salati tana wutsil-wutsil da ƙafa, ya dire ta a ƙofar gida a hankali, gaban masu tallar gyaɗa. Ya koma ya kawo mata takalmanta, ya jera mata su.

Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaga murya yadda mai wanka za ta ji. "Kuluwa! Juma'ar ƙarshe da baro zan zo!"

Da Kuluwa ta fito ta nufi keke, ita ma Tunau ya tare ta. Sai da ta tsaya a tsakar gida ta janye maganarta da baki, Yalwa na shaida.

Wata rana, Asabar ce, saura kwana shida. Babu zare, babu safa, babu dabara. Kuluwa ta sa aka naɗo doguwar saƙar nan, aka wanke ta a rafi. Ta riƙe da hagu, Yalwa ta bi da almakashi, suka yanka ta gunduwa-gunduwa, Yalwa ta bi bakin kowace da allurar hannu don kada ta zare. Aka haɗa da mai dunduniya tara, ita ma aka datsa ta tara. Suka tara sittin. Abin ba kyan gani: buɗe sama, buɗe ƙasa, kamar hannun riga. Kuluwa ta zuba su a buhu ta kira Tunau. Ta gaji da auna magana.

"Ɗauki ka tafi. Kyauta ne. Duk ƙafar da ka gani babu safa, ka sa mata. Kada a cire kafin Juma'a, kuma kada ka dawo min da ko ɗaya."

Ya fara da mai shayi. Mai shayi ya zura ƙafa, yatsu biyar suka leƙo ta ƙasa, majalisa ta kwashe da dariya, ya tuɓe ya jefa masa. Sajan Maikano ya hango buhu tun daga nesa, ya shige gida ya sa sakata. Labari ya riga Tunau zagaya gari. Maza suka naɗe ƙafafu cikin riga, mata masu wanki suka tsunduma nasu cikin ruwa. Har la'asar buhu na nan yadda yake.

Sai ya gangara bakin rafi, inda Ƙosau mai jakai ke ɗaure dabbobinsa. Jakai goma sha biyar ne, da su yake ɗibar yashi yana kai wa magina. Damina kuwa ita ce azabar jaki, don lokacin ne bobuwa, ƙudan nan mai cizo, ke sauka a ƙafafunsu. Ƙafafun duk sun yi gyambo, jini na tsattsafowa, jakan sai buga ƙasa suke, ba ci ba hutu. Ƙosau ya shafa toka, ya shafa baƙin mai, ya ɗaura tsumma ya zame. Biyu har sun kwanta sun ƙi tashi.

Tunau bai ga gyambo ba, bai ga ƙuda ba. Ƙafafu ya gani, babu safa. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya kama ta farko ya zura. Kofato ya fita ta ƙasa, saƙa ta kama ƙafa cif kamar don ita aka yi. Masu dunduniyar nan kuwa, aljihunsu ya zauna daram a gwiwar baya. Wani jaki ya harbe shi a kafaɗa, ya tashi ya karkaɗe riga ya koma, don Yaya ba ta ce a tsallake mai harbi ba. Ƙafa ta ƙarshe, safa ta ƙarshe, buhu ya ƙare.

Ƙosau ya dawo daga salla ya ga jakansa ja da kore da ruwan ɗorawa kamar 'yan rakiyar amarya.

"Tunau! Wa ya aiko ka ka mai da ni abin dariya?"

"Yaya."

Ƙosau ya cire ɗaya ya yar. Tunau ya ɗauka ya mayar. Ya cire, ya mayar. Ƙosau na da aiki, Tunau ba shi da wani aiki sai wannan, kowa ya san wanda zai fara gajiya. Ƙosau ya tofar da yawu ya tafi. Tunau ya shimfiɗa buhu a gindin giginya ya tare a nan, tunda an ce kada a cire kafin Juma'a. Yalwa ke kai masa tuwo. In jakai sun tafi kai yashi, yana biye da su, idonsa a ƙasa, gari na biye da shi da shewa.

Labari ya iske Kuluwa. Ta sa Yalwa ta ɗauko mata taɓarya daga bayan rumbu ta wanke. Ranar Alhamis ta zauna gaban keke, ta bi allurai ɗaya-ɗaya tana ɗiga musu mai da hannun hagu, don ko zai tafi kada a ce daga ɗakinta ya fita da tsatsa.

Ranar Juma'a da hantsi Hajiya Dela ta iso, matan ƙungiya na bayanta, ga mai baro, ga surukarta ta sha kwalliya.

"To, Kuluwa, ina safa?"

Kuluwa ta buɗe baki ke nan, sai aka ji ƙwaƙwas-ƙwaƙwas daga lungu. Tunau ne a gaba. Bayansa jakai goma sha biyar a jere, har da biyun da suka kwanta, kowane da safarsa huɗu. Bayansu Ƙosau, bayan Ƙosau wasu baƙi uku daga ƙauyukan gefe, suna jaye da nasu jakan masu ƙafa tsirara, ƙudaje na bin su.

Mata suka fara dariya. Ƙosau bai yi ba. Ya durƙusa ya zame safa ɗaya ƙasa. Gyambo ya bushe, har gashi ya soma tsirowa a gefe.

"Inna Kuluwa, na zo ba da haƙuri. Shekara talatin ina kiwon jaki, ban taɓa ganin damina irin wannan ba. Kwana shida ba wanda ya buga ƙafa. Ina son wasu sittin na canji, in an wanke waɗannan. Waɗannan bayin Allah kuma nasu suka biyo. Sun ce ranar kasuwa wasu na tafe."

Hajiya Dela ta ce, "Wasa ke nan. Ni ƙafar mutane nake nufi."

Shekara arba'in Kuluwa ta yi ana kama ta da abin da bakinta ya faɗa, tana cewa ba haka take nufi ba, ba mai saurarenta. Yau ga wata ta taka wurin. Ta gyara zaman karyayyen hannunta ta ce, "Tunau, ranar da Hajiya ta zo dubiya, me ta ce?"

Tunau ya miƙe tsaye, ya maƙale murya. "Sannu Kuluwa, Allah ya sa kaffara ne. To amma keke ba ya jinya. Na ba ki Juma'a huɗu. In na zo ban ga safa sittin a ƙafa ba, a ƙafa fa, ba a kwando ba, keke ya tashi."

"Ta ce ƙafar wa?"

"Ba ta ce ba, Yaya. Da ta ce da na ji."

Ba wanda ya musa, don duk Tukurwa an san Tunau ba ya ƙari ba ya ragi. Wata tsohuwa a cikin matan ta bi jakai da yatsa tana ƙirga ƙafafu da ƙarfi, sauran na amsawa, har sittin. Sajan Maikano, da ya leƙo ta kan katanga, ya ce, "Oda ta cika." Matan suka yi guɗa. Surukar Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai baro ya tambaya me zai ɗauka, aka ce ya je kasuwa ya ɗauko wa ƙungiya sabon buhun zare. Hajiya Dela ta juya za ta tafi, Tunau ya bi ta da kujera yana tambaya ko a kai ta ƙofar gida, ta ce in ya matso sai ta tara masa jama'a.

Da yamma zare ya iso. Kuluwa ta mayar da taɓarya bayan rumbu. Ta ɗora zare a keke, ta jawo buhun kusa da Yalwa, ta yafa mayafi.

"Tunau, ka yi ta murzawa, miƙe, har na dawo."

"Ina za ki, Yaya?"

"Ƙetaren rafi, gidan 'yata."

Ta fito tsakar gida ta ɗaga kai. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas. Ta koma ɗaki ta ƙara zane biyu a ƙullin kayanta, ta sa kai.